Ga sabbin alƙalan wasan ƙwallon ƙafa na yara

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙannena da suka karɓi lasisi kwanan nan, ga abin da na koya a fili.

Ka isa da wuri, kamar minti 45 kafin wasa. Zagaya filin da ƙafarka, ka duba raga, ka tsince duwatsu da fasassun kwalabe. Ka riƙe usur biyu, agogo biyu, katuna, biro da kwabon jefa ƙuri'a. Yaron da ba shi da abin kare ƙwauri kada ya shiga, ko kocinsa zai yi ta roƙo.

Dokokin IFAB, hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa, 17 ne, amma ta satar gida ce za ta fi jawo maka surutu. Ka tuna babu satar gida daga jifa, bugun gola ko bugun kusurwa. Kuma tun 2025, in gola ya riƙe ƙwallo a hannu fiye da daƙiƙa 8, bugun kusurwa ake bai wa ɗaya ƙungiyar.

Iyaye fa? Su ne aikin, wallahi. Kada ka tanka musu ko sau ɗaya, koci za ka kira ya tsawatar. Ka busa usur da ƙarfi, ka nuna hannu, ka wuce. Yaro ya bugu a ka kuwa, tsayar da wasa nan take.