Yadda ake kaiwa kujerar Firaministan Birtaniya, ta hanyar da Margaret Thatcher ta bi

Abu na farko da ya kamata ka gane shi ne a Birtaniya ba a zaɓen firaminista kai tsaye, babu wata takardar ƙuri'a da za ka ga an rubuta "firaminista" a kanta. Ƴan majalisa ake zaɓa, kujeru 650 a majalisar wakilai, shugaban jam'iyyar da ta samu rinjaye shi Sarki ke kira fada ya ce ya kafa gwamnati. Toh kaga kenan aikin daga mazaɓa ɗaya tak yake farawa.

Ka shiga jam'iyya, ka nemi su tsayar da kai. Sharuɗɗan ba su da wahala, shekara 18 zuwa sama, sa hannun mutum goma daga mazaɓar, da ajiyar fam 500 wadda za a dawo maka in ka samu sama da kashi 5 cikin ɗari na ƙuri'u. Wahalar ita ce samun mazaɓar da jam'iyyarka ke da ƙarfi. Thatcher, ɗiyar mai kanti ce daga garin Grantham, ta yi karatun kemistiri a Oxford, ta tsaya a Dartford a 1950 ta faɗi, ta sake tsayawa a 1951 ta sake faɗi, sannan ta je ta karanci lauya tana ta neman wata mazaɓar, sai a 1959 ta ci Finchley a arewacin Landan. Shekara tara kenan tana bugawa, kuma wallahi nan ne mutane da yawa ke sarewa.

In ka shiga majalisa sai ka nemi muƙamin minista don a san ka. Firaminista Edward Heath, shugaban jam'iyyarta ta Conservative, ya ba Thatcher ma'aikatar ilimi a 1970, a nan ta soke madarar kyauta da ake ba yara ƴan shekara 7 zuwa 11 a makaranta, ta sha zagi ba kaɗan ba amma sunanta ya fita.

Sai kuma jiran lokaci, wanda a ganina shi ne babbar dabara. Heath ya faɗi zaɓe sau biyu a 1974, manyan jam'iyyar Conservative suna ta jin nauyin fitowa su ƙalubalance shi, ita kuwa ta fito a 1975 ta kayar da shi a zaɓen shugabancin jam'iyya. Ta yi shekara huɗu tana jagorantar adawa, a watan Mayu 1979 ta shiga gida mai lamba 10 a titin Downing, wato gidan firaminista, mace ta farko da ta riƙe muƙamin.

In ka hau, kar ka yi wasa da ƴan majalisar jam'iyyarka, domin su suka ɗora ka kuma su ne za su iya sauke ka ko ba a yi babban zaɓe ba. Thatcher ta ci zaɓen 1983 bayan yaƙin da Birtaniya ta yi da Ajantina kan tsibiran Falklands, ta ci 1987, amma harajin kai-da-kai da ta kawo da rigima kan alaƙar Birtaniya da Turai suka fusata mutanenta, tsohon ministanta Michael Heseltine ya ƙalubalance ta kan shugabancin jam'iyya a Nuwamba 1990, ta samu ƙuri'a 204 shi 152, duk da haka ratar ba ta kai abin da dokar jam'iyya ke buƙata ba, ƙuri'a huɗu kacal suka rage. Ministocinta suka riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya suna faɗa mata ba za ta kai labari a zagaye na biyu ba, ta janye, John Major ya gaje ta, mutumin da ya bar makaranta yana ɗan shekara 16 bai taɓa shiga jami'a ba.