Idan Nginx ko MySQL Ya Ƙi Tashi a Sabuwar VPS

Da yawa idan suka karɓi hayar VPS (sabar da ake haya a intanet) mai RAM 1GB, suka girka Nginx (manhajar da ke miƙa shafukan yanar gizo) da MySQL (manhajar rumbun bayanai) a Ubuntu, abu ya cije, sai su goge komai su sake daga farko. Ɓata lokaci ne, matsalar dawowa za ta yi. Sabar tana rubuta abin da ke damunta. Fara da `sudo systemctl status nginx`, ka bi da `sudo nginx -t`, wanda zai nuna maka fayil da layin da kuskuren yake, ko da alamar `;` guda ce ka manta.

In ka ga "Address already in use", wani ya riga Nginx zama a ƙofa ta 80. Galibi Apache ne, wata manhaja mai aiki irin na Nginx, don umarnin `apt install php` kan jawo shi ba ka nema ba. Tabbatar da `sudo ss -tlnp | grep :80`, ka kashe shi da `sudo systemctl disable --now apache2`.

Idan `curl localhost` ya kawo shafi amma daga waje shiru, katangar tsaro ce. Buɗe da `sudo ufw allow 'Nginx Full'`. Amma kafin ka kunna ufw, wato katangar tsaron Ubuntu, ka tabbata ka yi `sudo ufw allow OpenSSH`, in ba haka ba ka kulle kanka a waje. Wasu kamfanonin haya suna da tasu katangar daban a shafin sarrafa asusu, can ma sai ka buɗe 80 da 443.

Saƙon 502 kuwa, duba `fastcgi_pass`, layin saitin Nginx da ke nuna inda zai sami PHP. Ubuntu 22.04 na zuwa da PHP 8.1, shi kuma 24.04 da 8.3, saboda haka wanda ya kwafi `php8.1-fpm.sock` daga tsohon darasi yana nuna wa Nginx abin da babu. Leƙa `/run/php/` ka ga sunan gaskiya.

Inda aka fi shan wahala shi ne MySQL. Yau yana aiki, gobe ka wayi gari da ERROR 2002. A ƙaramar sabar, yawanci ba lalacewa ya yi ba, Linux ne ya kashe shi da RAM ta ƙare, domin manhajar da ta fi cin wuri ake fara sadaukarwa. Shaidar tana cikin `sudo dmesg -T | grep -i "killed process"`. In ka ga mysqld a ciki, ƙara swap na 2GB, wato wuri a faifai da ke tallafa wa RAM, da waɗannan umarni ɗaya bayan ɗaya:

`sudo fallocate -l 2G /swapfile`
`sudo chmod 600 /swapfile`
`sudo mkswap /swapfile`
`sudo swapon /swapfile`

Sai ka rubuta `/swapfile none swap sw 0 0` a `/etc/fstab`, in ba haka ba da zarar an sake kunna sabar ya tafi. Swap ba ya kai RAM sauri ko kusa, numfashi kawai yake ba ka. Don rage nauyin, sa `performance_schema = OFF` a ƙarƙashin `[mysqld]` cikin `/etc/mysql/mysql.conf.d/mysqld.cnf`. Idan tun ana tsakiyar girkawa aka kashe MySQL, bayan swap ɗin ka yi `sudo dpkg --configure -a`.

Kada ka manta da `df -h`, wanda ke nuna wurin da ya rage a faifai. MySQL 8 yana ajiye fayilolin binlog (tarihin canje-canjen da aka yi a rumbun bayanai) na kwana 30, kuma suna iya cika ƙaramin faifai. Kada ka share su da `rm`, yi amfani da `PURGE BINARY LOGS` daga cikin MySQL, don kada lissafinsa ya rikice.

ERROR 1698 ba ya nufin ka manta kalmar sirri. A Ubuntu, root na MySQL yana amfani da auth_socket, wato da `sudo mysql` ake shiga. Bar shi yadda yake. Ƙirƙiri wani mai amfani da `CREATE USER`, ka ba shi iko a kan rumbun bayanan shafin kaɗai, kuma ka bar `bind-address` a 127.0.0.1 matuƙar shafin da rumbun suna kan sabar ɗaya.