Kurakuran da 'yan Kano ke ta maimaitawa a nutson bakin teku

Mu nan Kano ba mu da teku, amma 'yan shekarun nan ɗalibanmu na Masar da mazauna Jidda da 'yan kasuwa masu yawan tafiya suna koyon nutso da tukunyar iska, su dawo da katin shaidar iya nutso a aljihu. Kusan duk wanda ya same ni da maganar, nutson gaɓa yake so, wanda za ka goya tukunyarka ka taka da ƙafarka ka shiga ruwa, don ba sai ka biya kuɗin jirgin ruwa ba. Da araha kam. Sai dai babu matuƙin da zai bi ka ya tsamo ka in ruwa ya ja ka, kai ne direba kai ne kwandasta. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya ga mutane daban-daban, shi ya sa na rubuta.

Babban kuskuren shi ne mutum ya duba ta inda zai shiga, bai duba ta inda zai fito ba. Shiga ai ba wuya: kana da ƙarfinka, tukunya cike da bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iskar da ke ciki), ido na ganin hanya. Fitowa kuwa a gajiye ake yin ta, da sanyi a jiki, iska ta kusa ƙarewa, kuma daga ƙarƙashin ruwa duk duwatsun murjani kamarsu ɗaya. A garin Dahab da ke gaɓar Sina'i a Masar wurare da dama sai ka ratsa shimfiɗar murjani mai ruwa iya gwiwa, ka bi ta wata 'yar kafa kafin ka kai zurfi. Wannan kafar ita ce ƙofar gidanka. Akwai ranar da ƙanin wani abokina ya matsa mana lallai sai wani wuri a arewacin garin, wai ya ga hotunansa. Muka shiga da hantsi teku kwance. Kafin mu juyo iskar arewa ta taso, ruwa ya janye, kumfa ta rufe kafar. Shi da ya ce ya riƙe alama sai ya ɗaga mini kafaɗa a cikin ruwa. Da rarrafe muka fito, igiyar ruwa na maka mu da dutse. Gwiwata ta tsage, ƙayar bushiyar teku ta cika mini tafin hannu, baƙaƙen ɗigo kamar an barbaɗa barkono, kyamarata ta tafi, na biya kuɗin rigar haya da ta yage, sauran kwanakin kuma a kan kujera na ƙare su ina kallon wasu suna shiga.

Tun daga nan ga yadda nake yi, ko malaminka bai koya maka haka ba. Kafin in taɓa kaya sai na zauna a bakin ruwa kamar kwatan awa, ina kallon inda igiya ke fashewa da inda ruwa ke ja. Ina tambayar masu shagon nutso na wurin lokacin cikar teku da janyewarsa, don su suka san halin ruwansu, ba hoton intanet ba. Da na wuce kafar sai in juyo in kalle ta da kyau, in duba zurfinta a agogon nutso na hannu, in saita kamfas. Ina fara tafiya ne ina fuskantar jan ruwa, don dawowa ta zo da sauƙi. Iskar tukunya kashi uku nake raba ta: ɗaya tafiya, ɗaya dawowa, ɗaya ajiya. Wasu na cewa fitowa da bar 50 ya isa. A jirgi ya isa, a gaɓa ni bai ishe ni ba. Ka tuna a zurfin mita 20 ninki uku kake shan iska a kan yadda kake sha a sama. In ban ga hanyar fita ta biyu ba, ba na shiga. In iskar arewa ta yi ƙarfi a Dahab, akwai wurin da ake kira Lighthouse a cikin gari da yake a kare, can nake komawa, ko in haƙura in sha shayi.

Na biyu shi ne wanda ke sa ni ɗaga murya: jirgin sama. Bakano ya biya kuɗin tafiya, yana son ya more kowace kobo, sai ya sa nutsonsa na ƙarshe da yamma, jirginsa da asuba. Haba Malam! Iskar naitirojin da jikinka ya tsotsa a ƙasan ruwa tana nan a jini, a hankali take fita. In ka yi sama kafin ta fita, sai ta yi kumfa a jini da gaɓoɓi: ciwon kafaɗa, dindiris a hannu, jiri, wani har ƙafafu su shanye. Ƙa'idar DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in an yi da yawa ko an jera kwanaki. Ni awa 24 nake bayarwa, ba na ciniki. Abin da mutanenmu ba sa kawowa a rai kuma shi ne Dutsen Ɗuri Sina. Duk wanda ya je yankin yana son ya hau, ga shi kusa da Dahab. Tsayinsa mita 2,285 ne, hawansa bayan nutso daidai yake da shiga jirgi. Ka fara da dutsen, ka ƙare da teku, ko ka bar kwana guda a tsakani. Ka san inda ɗakin matsin iska na magani yake tun kafin ka jiƙa ƙafa. Akwai a Dahab da Sharm el-Shek. In kuma ka sauka filin jirgin Malam Aminu Kano ka ji jiki ba daidai ba, kalmar farko da za ka faɗa wa likita ita ce ka yi nutso, kar a tsaya neman zazzaɓin sauro.

Sai masu son a sani. Kowa Blue Hole, kowa Blue Hole, wato wani wawakeken rami mai zurfi a teku a arewacin Dahab, saboda motarka za ta kai ka har bakinsa. Katin farko mita 18 ya ba ka, na biyu mita 30, iyakar nutson shaƙatawa gaba ɗaya mita 40. Ramin da ke ratsawa zuwa buɗaɗɗen teku a can yana wajen mita 55, kuma tun daga mita 30 naitirojin ke fara juya wa mutum kai kamar maye. Allunan sunayen da aka manna a jikin dutsen wurin ba ado ba ne, na waɗanda ba su fito ba ne. Ka zagaya gefensa a inda katinka ya tsaya, kifin ma a nan ya fi yawa.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata rana. Bahar Maliya ya fi yawancin tekuna gishiri, dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu don nauyi wadda ta ishe ka a kwamin wanka ba za ta nutsar da kai a can ba, ka gwada a bakin ruwa. Takalmin roba mai kaurin ƙasa dole ne, fiffiken ƙafa kuwa sai ruwa ya kai maka ƙugu za ka sa. Kar ka zura rigar roba ka zauna cikin rana kana jiran abokinka. Tsayawar minti 3 a mita 5 kafin a taso sama ba a yafe ta don gaɓa na kusa. Mai mura ya zauna, kunne ba zai daidaita ba. Ni ba na nutso da azumi a bakina, ƙarancin ruwa a jiki na ƙara haɗarin kumfar nan. Mai sikila kuwa ba shi ba nutso, wanda bai san ko yana ɗauke da ita a jininsa ba ya je a gwada kafin ya biya kuɗin koyo.

Akwai kuma masu dawowa gida ƙaiƙayin ruwa ya dame su, su ce za su gwada a dam ɗin Tiga ko Challawa. Kano ta haura mita 400 daga saman teku, lissafin nutso kuwa yana canzawa da an wuce mita 300. Ga ruwa gurɓatacce da ba ka ganin tafin hannunka, ga ragar masunta da kututturan bishiyoyi a ƙasa, ga tsargiya. Ɗan'uwa, in hannu kake son kada ya manta, nemi kwamin wanka na otal ka yi ta gwajin cire gilashin fuska da mayarwa har Allah ya kawo tafiya ta gaba.