Yadda Ake Haɗa Yaro da Jagoransa a Makarantar Ƙauye

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san daɗin biya karatu. Yara hamsin na iya zama gaban malam ɗaya kowa na rera nasa, amma in lokacin biyawa ya zo, kai kaɗai za ka durƙusa da allonka, malam ko wani gardi ya saurare ka, ya gyara maka inda harshenka ya karkace. Wannan ɗan zaman ne firamaren ƙauye ta rasa. Manufar ilimi ta Najeriya ta ce malami ɗaya ga yara 35, amma a karkara sai ka tarar da ninkin haka a aji guda, wani lokacin ma malami ɗaya ke riƙe da aji biyu. Yaron da karatu ya kufce masa tun aji biyu haka zai yi ta bin ayari har aji shida, yana kwafe allo da kyakkyawan rubutu, alhali bai iya karanta abin da ya kwafa ba.

Gyaran ba ya buƙatar gini ko kwangila. Babba ɗaya ne, wato jagora, zai riƙa zama da yaro ɗaya, a cikin makaranta, a rana ɗaya sananniya kowane mako, har shekara ta zagayo.

Da farko ka samu hedimasta, shi kuma ya kai maganar gaban kwamitin kula da makaranta (SBMC), inda iyaye da malamai da dattawan gari ke zama tare. Daga nan sai gidan mai unguwa ko dagaci, sai liman. Kada ka yi musu dogon turanci. "Ranka ya daɗe, yaranmu da karatu ya yi wa nauyi muke so a riƙa biya musu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi a allo." Ya wadatar. In liman ya ambata bayan sallar Juma'a, rabin aikin ya ƙare.

Mataki na biyu, zaɓen yara. Kada ka tambayi malami wa ya fi ƙoƙari, don waɗannan ba su ake nema ba. Ka ɗauki takarda ɗaya, ka rubuta baƙaƙe da wasula a sama, kalmomi kamar "kaza" da "tulu" a ƙasa, sai gajeren sakin layi, sai ɗan labari, duk da Hausa. Kowane yaro ya karanta maka shi kaɗai har inda ya tsaya. Irin wannan gwajin ne ƙungiyar Pratham ta Indiya ta gina tsarinta na koyar da yaro daga inda ya tsaya a kai, ba daga ajin da aka ajiye shi ba, kuma minti biyar ya ishi yaro ɗaya. Ka haɗa sakamakon da rajistar aji: wanda ke yawan fashi, marayan da ke hannun kaka, yarinyar da tallar safe ke sa ta makara. Ka fara da yara goma. Goman da za a riƙe sun fi arba'in da za a saki a hanya.

Zaɓen jagora shi ne inda abin ke gyaruwa ko ya lalace, don haka a nan ya kamata ka ɓata lokaci. Hankalin mutane yakan tafi kan wanda ya fi kowa takardu. Ni kuwa tambayata ta farko ita ce: zai kasance a garin nan har ƙarshen zango na uku? Saurayin da ya gama sakandare yana da kirki, amma in yana tafiya cin rani Legas ko Fatakwal da zarar an gama girbi, yaron zai zo ranar Talata ya tarar da benci babu kowa. Ɗalibar kwalejin ilimi da ta zo koyon aikin koyarwa 'yan watanni za ta yi ta koma. Ɗan hidimar ƙasa yana da shekara guda, sai dai ka duba watan da zai gama, ka kuma tabbatar yana jin Hausa. Waɗanda suka fi zama su ne tsohon malamin da ya yi ritaya, matar aure da ta yi sakandare kafin a kawo ta garin, mai shagon magani, tela, malamar Islamiyya.

Wannan ba tsantseni ne kawai ba. A 2002 Jean Grossman da Jean Rhodes sun bi diddigin matasa fiye da dubu a shirin Big Brothers Big Sisters na Amurka, mai haɗa yaro da jagora, suka ga waɗanda jagoransu ya riƙe su shekara ko fiye su ne suka fi amfana, waɗanda kuwa aka rabu da su kafin wata uku sai ganin ƙimar kansu ya ragu. Yaron da aka ja a jiki aka sake, kansa yake ɗora wa laifi. Saboda haka ka faɗa wa kowane mai son shiga tun a zaman farko: in ba za ka iya shekara ba, ka taimaka ta wata hanyar, Allah ya ba da lada.

Mace ga yarinya, namiji ga yaro. Mata ma ba baƙon abu ba ne a wurinsu, don sun gaji ƙanwar rana, wato babba ta ja ƙarama a jiki kamar ƙanwarta, tun kaka da kakanni.

Sai lokaci. Ka ɗauko kalandar gari, ba ta ofis ba. Ranar kasuwa a cire ta, Juma'a ana tashi da wuri, yamma ta Islamiyya ce. Zangon farko yana faɗawa cikin kaka, na uku kuma cikin shuka da noman fari, lokacin da uba ke buƙatar kowane hannu a gona. Minti arba'in lokacin tara ko dab da tashi, sau ɗaya a mako, ya fi alƙawarin kullum da ba za a cika ba. In damina ta matsa, a rage zuwa minti ashirin, amma kada a ɗaga.

Dokokin kaɗan ne, kuma a karanta su gaban iyaye. Zama a fili, ƙarƙashin darbejiyar makaranta ko baranda, inda kowa ke gani. Ba a kai yaro gida ko shago, ba a aikensa, ba a ba shi kuɗi. Babu bulala ko da wasa. A sanar da yara wata malama ko uwa daga kwamiti da za su iya kai wa ƙara in wani abu bai yi musu ba. Wanda ya ji haushin waɗannan dokoki, to ya rage maka aikin tantancewa.

Zaman kansa ba shi da wuya. Minti goma na farko gaisuwa ce da hira: ya mutan gida, akuyar ta haihu, me aka karya da shi. Kada a raina wannan hirar, a cikinta ake gano abin da malamin aji ba zai taɓa gani ba. Wani ba daƙiƙi ba ne, allon ne ba ya gani daga baya, sai a dawo da shi gaba. Wani kunnensa ke ruwa. Wata kuwa ta ji ana maganar cire ta bayan Sallah. Daga nan sai karatu daga inda gwaji ya nuna, gaɓa-gaɓa, kamar "ba, bi, bu", har kalma ta tashi. In makarantar na da ragowar littattafan koyon karatun Hausa na Mu Karanta da aka raba a Bauchi da Sakkwato, ko na shirin RANA a Katsina da Zamfara, a fito da su daga kabad ɗin hedimasta. In babu, yaron ya ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, jagora ya rubuta da manyan baƙaƙe, ta zama littafin mako mai zuwa. Lissafi kuma da tsakuwa da karan dawa da canjin talla. Yarinyar da ke sayar da ƙosai ta riga ta iya ɗebewa, rubutawa ce ta rage mata.

Jagora ya riƙe ƙaramin littafi: kwanan wata, abin da aka yi, layi ɗaya kan halin yaro. In yaro ya yi fashi sau biyu a jere, jagora da wakilin kwamiti su je ƙofar gida, ba da faɗa ba. "Baba, mun ga kwana biyu ba mu ga ɗan namu ba, muka ce ko lafiya." Uban da ya san akwai mai tambaya yakan yi nauyin tura yaro kiwo ranar zama. Ƙarshen kowane zango a maimaita gwajin takardar nan, a bar yaron ya karanta wa mahaifiyarsa da bakinsa.

Ga 'yan aji shida, zango na uku ya koma maganar ƙaramar sakandare: a wane gari take, tafiyar minti nawa ce, da wa za a riƙa tafiya, nawa ne kuɗin yunifom. In da hali, jagora da uban su raka yaro ya ga makarantar da idonsa kafin hutu. Kuma tun saura wata guda a faɗa masa ranar zama na ƙarshe, a gaya masa ko jagoran zai ci gaba da shi baɗi ko wa zai karɓe shi, sannan a miƙa wa sabon wancan ƙaramin littafin.