Babi na 9: Kula da kunne

Darasi na 1: Kunnen yaro mai zubar da ruwa

Iyayena da 'yan uwana, kowa ya ɗora yatsa a layin farko. A hankali za mu bi, babu mai korarmu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a wurin yara ana iya hana shi. Kunne mai mugunya yana cikin abubuwan da ke jawo shi, kuma aikin farko a hannun uwa yake.

Ku wanke hannu da sabulu. Ku samo ƙyallen auduga mai laushi, wankakke, busasshe, ba bakin zanen da ke jikinku ba. Ku yago ɗan siriri, ku murza shi da yatsu biyu har ya yi tsini kamar lagwanin fitila. Ƙyalle kaɗai. Ba a naɗa shi a jikin komai. Ku kwantar da yaron a cinya, ku zura tsinin a hankali, ku bar shi ya tsotse ruwan. In ya jiƙe ku zare, ku yar, ku murza sabo. Haka za ku yi ta yi har ya fito a bushe. Sau 3 a rana: bayan asuba, bayan azahar, bayan isha'i.

Mu koma wurin murzawa, don nan ne hannu ke kuɓucewa. Da na ce a zura, sai in ga ana laluben tsinken tsintsiya ko ashana. Na san dalili, ƙyallen yana lanƙwashewa, sai a ga kamar ba ya aiki. To, laushin nan shi ake so. Dodon kunne fata ce siririya, a kunne mai ruwa ma ta riga ta huje, tsinke ƙara yaga ta zai yi. In ya lanƙwashe, ku sake murzawa da ɗan ƙarfi. Ba tsinke. Ba ashana. Ba gashin kaza. Kowa ya murza guda 5 yanzu, ya nuna wa na kusa da shi. Wanda nasa ya warware kada ya ji kunya, ya sake. Madalla, hannu yana sabawa.

Kada a ɗiga man ja, man gyaɗa ko ruwan ganye. Kada yaron ya shiga kududdufi. A kai shi asibiti ko ɗakin shan magani a duba shi. In an ba da maganin ɗigawa, sai an busar da kunnen tukuna. Da me? Da ƙyalle kaɗai. In bayan kunnen ya kumbura yana zafi, ranar za a tafi, ba a jiran ranar kasuwa.

Haba jama'a! Bayan duk wannan bayani har yanzu ana zuwa aji da gashin kaza a soke a hula. Ba yara ba ne ku. In kunne ya ji, jiki ya tsira. A cire gashin kazar tun kafin mu shiga darasi na gaba.

Darasi na 2: Ƙara da kukan kunne

Masu injin niƙa, maƙera da masu kwana kusa da janareta, naku ne wannan. Ka tsaya nisan miƙa hannu da abokinka. In sai kun ɗaga murya kafin ku ji juna, ƙarar ta yi yawa. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan siraran gashi masu kama sauti, ƙara tana kashe su, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Na tsuntsaye suna tsirowa, masana na ta binciken yadda suke yi. A 2024 likitoci a Shanghai ta ƙasar Sin sun ba da labarin yaran da suka fara ji bayan an gyara musu ƙwayar halitta, amma wannan wata kurumtar haihuwa ce da ba a cika samu ba. Mai injin niƙa kada ya zauna jiranta. Ya sayi abin toshe kunne na soso. Auduga ba ta tare ƙara sosai.

Kunnen da ke kuka "shuuu" dare da rana ba shi da ƙwayar da aka tabbatar tana kashe kukan. Kunna rediyo ƙasa-ƙasa lokacin barci yana rage damuwarsa. Kwinin na iya jawo shi, allurar jentamaisin kuma tana iya lalata ji, don haka a daina karɓar allura a kemis ba da takardar likita ba. In ji ya ɗauke farat ɗaya, a nufi asibiti ranar.

Darasi na 3: Jiri

Abin da ke riƙe mutum a tsaye yana cikin kunne shi ma. In ɗaki na juya maka duk sanda ka mirgina a shimfiɗa, galibi wasu 'yan ƙwayoyi ne suka goce daga wurinsu. Likitan kunne yana mayar da su ta hanyar juya kai. Akwai sashen kunne a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kafin nan, ban da hawa bishiya ko tsayawa bakin rijiya.

Darasi na 4: Rigakafi

Sanƙarau da ƙyanda suna kurmantar da yaro. A kai yara allura. Ku rubuta kalmomin nan sau 3 a littafinku: kunne, ƙyalle, jiri, rigakafi.