Yadda ake haɗa shayin ɗaɗɗoya ba tare da maganin ya tsere ba

Amfanin ɗaɗɗoya a ƙamshinta yake. A jikin ganyenta akwai ƙananan kumburi masu ɗauke da mai, kuma a cikin man nan ne ake samun sinadaran taimol da yujinol. Yujinol ɗin shi ne na kanumfari, wanda ke sa ciwon haƙori ya lafa. Gwaje-gwaje a ɗakunan bincike sun nuna sinadaran biyu suna hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Matsalar ita ce man nan yana bin tururi ya tafi, shi ya sa mai dafa ɗaɗɗoya a buɗe har ruwan ya yi baƙi yake asarar mafi yawan amfaninta.

Da farko a tsinko ɗanyen ganye cikin tafin hannu, da safe kafin rana ta yi zafi. A wanke, a ɗan murza shi tsakanin yatsu har ƙamshin ya tashi.

Sai a tafasa ruwa kofi biyu, a sauke tukunyar, sannan a zuba ganyen a rufe ruf. Wannan rufewar ita ce aikin. A bar shi minti 10. In an buɗe, ɗigon ruwan da ya taru a murfin a karkata shi ya koma ciki, kada a yarfar. A tace a sha da ɗumi, da zuma in ana so. An saba shan sa don kumburin ciki, murɗawar ciki da tari.

Don mura kuwa, sirace ake yi: a lulluɓa da zane a kan tukunyar, a shaƙi tururin a hankali. Ban da ƙananan yara, saboda ƙuna.

Wanda zai ajiye ganyen, ya shanya a inuwa, ya zuba a kwalba mai murfi.

Mai juna biyu ta tsaya a ɗan abin da ake sawa a miya. Mai shan maganin tsinka jini ya fara tambayar likita, don yujinol na rage daskarewar jini. Yaro mai gudawa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki yake bukata tun da wuri. Zazzaɓi kuma a je a yi gwajin maleriya, don ɗaɗɗoya ba ta maganinta.