Kurakuran da iyaye ke yi wajen kai ƙorafi kan sashen kula da yara na ƙananan hukumomin Ingila

Duk iyalin da ma'aikatan sashen kula da yara na ƙaramar hukuma suka shigo wa gida a Landan ko Manchester ko Birmingham, tsoro ne ke fara kama su, fushi ya biyo baya. Doka ta tanadi hanyar kai ƙorafi mai mataki uku, mai ƙa'ida da wa'adi, bisa Dokar Yara ta 1989 da ƙa'idojin da aka fitar a 2006. Amma sau da yawa mai gaskiya yakan tashi a tutar babu saboda yadda ya shigar da ƙorafinsa. Bayanin nan na Ingila ne kaɗai, domin Wales da Sikotland suna da nasu tsarin.

Kuskure na farko shi ne yin ƙorafi da baki. Uwa ta faɗa wa ma'aikaciyar da ke zuwa gida cewa ba ta ji daɗi ba, ko uba ya kira manajanta a waya ya zazzage abin da ke cikinsa, su ɗauka sun kai ƙara. Doka ta yarda da ƙorafin baki, amma idan ba a rubuta ba, gobe sai a ce hira aka yi. A rubuta wa jami'in karɓar ƙorafi na ƙaramar hukumar ta imel, a ce ƙarara ana son a duba maganar a ƙarƙashin tsarin ƙorafi na Dokar Yara, a nemi takardar shaidar an karɓa. Wa'adin shigar da ƙorafi shekara 1 ce daga lokacin da abin ya faru. Hukuma tana iya karɓa bayan haka idan akwai dalili mai ƙarfi, musamman idan yaro ne ke ƙorafin, amma kada a dogara da wannan.

Na biyu ya fi cin mutane: ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba. Idan alƙalin kotun iyali ya yanke hukunci a kan inda yaro zai zauna, babu jami'in ƙorafin da zai iya warware shi. Wannan maganar lauya ce da ɗaukaka ƙara, kuma wa'adinta gajere ne. Iyayen da hukuma ta kai kotu tana neman karɓar ɗansu suna da haƙƙin samun lauya kyauta ba tare da an duba abin da suke samu ba, don haka babu dalilin zama ana rubuta wasiƙun ƙorafi alhali shari'a na tafiya. Hasali ma hukuma tana iya jingine ƙorafin har a gama shari'ar, sannan mai ƙorafi ya sake shigar da shi cikin shekara 1 da gamawa. Haka kuma Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu da ayyukan kula da yara, tana duba aikin sashen ne gaba ɗaya, ba ta binciken ƙorafin mutum ɗaya. Idan laifin ma'aikaciya ne ita kanta, kamar ƙarya a takarda ko tona asirin iyali, akwai Social Work England, wadda ke riƙe da rajistar ma'aikatan tun Disamba 2019. Ma'aikacin Cafcass, hukumar da ke ba kotun iyali shawara kan abin da ya dace da yaro, ba na ƙaramar hukuma ba ne, ƙorafinsa can ake kai shi. Binciken kare yaro na sashe na 47 na Dokar Yara kuwa, wanda ake yi idan ana zargin yaro yana cikin haɗari, yawanci ta tsarin ƙorafi na gama-gari na hukumar ake bi da shi, ba ta wannan mai mataki uku ba.

Sai yadda ake rubuta wasiƙar. Shafi goma na ɓacin rai, an haɗa abin da ya faru bara da na jiya, an ce ma'aikatan duk azzalumai ne, wannan yana ba hukuma damar amsa ɓangaren da ya yi mata sauƙi ta tsallake sauran. A raba maganar gida-gida, kowace da lambarta: ranar da abin ya faru, wanda ya yi, abin da ya kamata a yi, da illar da ta samu yaron. "Ba sa mutunta mu" ba a iya bincikarsa. "An soke ganawata da 'yata sau 3 a watan Maris ba tare da sanarwa ba" ana iya bincikarsa, domin yana cikin fayil. Idan ana zargin wariya saboda addini ko launin fata, a kawo ainihin kalmar da aka faɗa ko abin da aka hana, misali an ƙi kula da abincin halal ko sallar yaron a gidan riƙo bayan an nema a rubuce. A ƙarshe a faɗi abin da ake so: neman afuwa, gyara bayanin da ba daidai ba a fayil, sake yin tantancewa, ko canza ma'aikaciya. Mutane da yawa suna manta wannan. Kuma tun da wuri a nemi kwafin bayanan da hukuma ta ajiye a kan mutum. Dokar kare bayanai ta ba ta wata 1 ta amsa, tana iya ƙara wata 2 idan fayil ɗin na da yawa.

Kuskuren da ya fi ban takaici shi ne tsayawa a matakin farko. A nan sashen da ake ƙorafi a kansa ne ke amsawa, cikin kwanakin aiki 10, ko 20 idan maganar ta yi sarƙaƙiya. Amsar takan zo da ladabi amma babu nama a ciki, sai mutum ya ce dama ya sani, ya haƙura. Alhali mataki na biyu ne ke da haƙori. A can ake naɗa mai bincike, tare da wani mutum mai zaman kansa da ba ma'aikacin hukumar ba, su karanta fayil, su yi hira da ma'aikata, su rubuta rahoto cikin kwanakin aiki 25, ko 65 a mafi tsawo. A nemi wannan mataki cikin kwanakin aiki 20 da samun amsar farko. Idan wa'adin matakin farko ya wuce shiru, ba sai an jira ba, ana iya neman a wuce gaba.

A kula sosai da takardar da mai binciken zai kawo a sa hannu, wadda ta jera batutuwan ƙorafin. Abin da ke cikinta kaɗai za a bincika. Kada a sa hannu don kunya ko gaggawa. Idan an sassauta wata magana ko an cire ta, a ce a mayar. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya nemi tafinta daga hukuma, kada a sa yaron gida ya yi fassara a maganar da ta shafe shi. Yaron da ke hannun hukuma, ko wanda ya fita daga riƙonta, yana da haƙƙin samun mai tsaya masa idan shi ne ke ƙorafi. Ƙungiyoyin agaji na Coram Voice da NYAS suna wannan aiki, iyaye kuma suna iya neman shawara a ƙungiyar Family Rights Group.

Mataki na uku kwamiti ne na mutum 3 masu zaman kansu. Ana nemansa cikin kwanakin aiki 20, ya zauna cikin 30, ya ba da shawararsa cikin 5, hukuma ta amsa cikin 15. Ba ya sake bincike daga tushe, don haka a je masa da wuraren da rahoton mataki na biyu ya gaza, ba da sabon ƙorafi ba.

Wasu kuma saboda fushi sukan daina buɗe wa ma'aikaciya ƙofa ko su ƙi zuwa taro har sai an amsa ƙorafinsu. Wannan yana cutar da su da yaron, domin za a rubuta cewa sun ƙi ba da haɗin kai, kuma rubutun yana iya kaiwa gaban alƙali. A ci gaba da zuwa kowane taro, a riƙa rubuta abin da aka faɗa da kwanan wata, ƙorafi kuma ya bi tasa hanyar.

Bayan matakan uku sai Ombudsman, ofishi mai zaman kansa da ke binciken ƙorafe-ƙorafe a kan ƙananan hukumomi. Kyauta ne, ba a buƙatar lauya, kuma ana so a kai masa magana cikin wata 12 da sanin matsalar. Wanda ya tsallake hukuma ya tafi can kai tsaye yawanci mayar da shi ake yi, sai dai idan hukumar ce ta ƙi ɗaukar ƙorafin ko take jan ƙafa, wanda shi kansa abin kai ƙara ne. Ombudsman ba ya taɓa abin da kotu ta yanke, kuɗin da yake ba da shawarar a biya kuma yawanci ba masu yawa ba ne. A haɗa masa amsoshin matakan uku da rahoton mai bincike, a nuna a taƙaice abin da har yanzu ba a gyara ba.